Gidan da muka saya saboda makaranta

Har yau idan na wuce ta gaban gidan maƙwabciyarmu sai na tuna safiyar da na ga ɗanta yana goge dusar ƙanƙara daga gilashin motarsa, sanye da rigar wata sakandare da ba ta yankinmu ba. Wannan rigar ce ta sa muka sayi gida a garin nan.

A 2018 ne, muna haya a wani ɗan matsattsen gida kusa da wurin aikina a jihar Vermont ta Amurka, 'yar farina tana shirin shiga aji 8, ajin ƙarshe kafin sakandare. Tun zuwanmu daga Zariya nake jin labarin tsarin jihar nan: garin da ba shi da sakandare tasa, shi yake biya wa 'ya'yansa kuɗin makarantar da iyaye suka zaɓa, ta gwamnati ko mai zaman kanta da jiha ta amince da ita. Tun 1869 suke yin haka. Ni kuwa akwai sakandaren da na ƙwallafa rai a kanta. Tana kan hanyar aikina, akwai 'yan mata masu hijabi da dama a ciki, masallaci ma ba nisa. A makarantar da yarinyar take, ita kaɗai ce mai rufe kai, kuma na san abin da take haɗiyewa ba ta faɗa.

Da muka je duba gidan, na tambayi matar da ke maƙwabtaka, ta ce ai garin ne ke biya wa ɗanta. Gaskiya ta faɗa. Ni ce ban tambayi yaushe ya fara ba. Maigida ya ce, "Maman yara, kin tabbata? Ko mu leƙa ofishin gundumar makarantu mu ji?" Na ce masa gani ya kori ji, ga yaro nan muna kallonsa da idonmu. Muka kwashe duk abin da muka tara muka zuba a gidan.

Sai a watan Afrilun 2019 na shiga ofishin gundumar makarantu da takardun yarinyar a jaka, wai na je a rubuta mata makarantar da za a tura kuɗin. Matar da ke kan teburin ta duba adireshinmu a kwamfuta, ta ɗago ta dube ni da tausayi. Ta ce garinmu ya haɗe da wata gunduma mai sakandarenta, zaɓi ya ƙare tun ranar haɗewar. Yaran da suka riga suka fara a wani wuri kawai aka bari su ƙarasa, ɗan maƙwabciyata yana cikinsu. Na fito na zauna a mota, hannuna na rawa, na kasa ko murɗa makulli.

Daga baya na bi diddigi. A 2015 majalisar jihar ta yi wata doka, Doka ta 46, don a haɗe ƙananan gundumomin makarantu, saboda yara suna raguwa, kuɗin da ake kashewa kan kowane ɗalibi yana hauhawa. So suke kowace gunduma ta kai ɗalibai 900 zuwa sama, waɗanda suka haɗe da wuri kuma aka yi musu rangwamen haraji na 'yan shekaru. Doka ba ta yarda gunduma ɗaya ta riƙe sakandarenta, sannan kuma ta biya wa wasu yaranta kuɗin zuwa wata sakandare ba. Saboda haka garin da ya haɗe da mai makaranta, dole ya saki zaɓinsa. Mutanen garinmu da kansu suka kaɗa ƙuri'ar amincewa, ba a ɓoye aka yi ba, yana nan a rubuce. Minti goma a waya da ya ishe ni.

Abin da ya fi ci mini rai ma shi ne na biyun. Matar ta ce akwai wata ƙofa: kowane ɗalibin sakandare a jihar yana iya neman gurbi a wata sakandaren gwamnati, amma ana rufe karɓar takarda ranar 1 ga Maris. Ni kuma ga ni a Afrilu. Da na je ofishin nan a Janairu, kamar yadda maigida ya ce tun farko, da na shigar da sunanta. Da shekara ta zagayo na cika takardar tun Fabrairu, masu nema suka fi gurbi yawa, aka yi ƙuri'a, ba ta faɗo kanta ba. Ko da ta samu, kai ta da ɗauko ta a wuyanmu yake, babu motar makaranta. Da na yi, wallahi, ko da ƙanƙara ta kai gwiwa.

A sakandaren gundumarmu ta yi shekara huɗu. Malamanta mutanen kirki ne, ba ni da abin cewa a kansu, ta kuma fita da sakamako mai kyau. Amma duk lokacin azumi takan zauna ita kaɗai a ɗakin karatu lokacin cin abinci. Ta taɓa ce mini, "Umma, ki daina damun kanki, na saba." Wannan "na saba" ɗin ce ban yafe wa kaina ba.

Harajin gida, wanda ake biyan kuɗin makarantu da shi, kuma bai fasa zuwa ba. Tun Doka ta 60 ta 1997, bayan kotun ƙolin jihar ta ce bai halatta ilimin yaro ya rataya kan arzikin garinsu ba, asusu ɗaya na jiha ake zuba kuɗin ilimi a raba. Amma kasafin makaranta mutanen gunduma ke kaɗa masa ƙuri'a, akasari ranar taron gari, Talatar farko ta Maris. Tun abin da ya same ni ban sake fashin taron nan ba. Nakan zauna a baya da littafina ina rubuta duk abin da aka ce game da haɗewa. A 2024 da haraji ya yi tsalle, kusan kashi ɗaya bisa uku na kasafin makarantun jihar aka yi watsi da su a zagayen farko. A 2025 Gwamna Phil Scott ya kawo shawarar a mayar da gundumomi 119 su koma 5, daga bisani aka yi Doka ta 73, wadda ta nufi ƙarin haɗewa, ta kuma rage makarantu masu zaman kansu da za a iya biya da kuɗin jama'a.

Makon jiya wata baiwar Allah 'yar Maraɗi da mijinta ya samu aiki a nan ta kira ni, ta ce, "Yaya, an ce mana garin da za mu kama gida akwai zaɓi, wata maƙwabciya ce ta faɗa." Na ce kada ta sa hannu a komai. Na ce ta nemi ofishin gunduma su ba ta amsa a rubuce, da adireshin gidan, da ajin da yaron zai shiga, da shekarar da zai shiga, ta kuma tambaye su ko ana maganar haɗewa. Ta ce Turancinta bai nuna ba. Na ɗauki hutun rabin yini ranar Alhamis, ni zan kai ta.