Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ranar da muka je Xinzheng

Assalamu alaikum jama'a. Satin da ya wuce mun tsaya inda na fara sabawa da sanyin Zhengzhou, to da muka gama jarabawa sai wani ɗan ajinmu ɗan Caina ya ce lallai sai mun je garinsu Xinzheng, ni da na ɗauka filin jirgi ne kawai a can, ashe tsohon birnin masarautar Zheng ne, har yau ganuwar ƙasa na nan da ramukan da aka binne dawakai da karusai.

Kakansa ya zaunar da mu da shayi, shi kuma yana fassara min. Ya ce da gidan sarautar Zhou suka ci ƙasar Caina wajen 1046 kafin Miladiyya, sai sarki ya rarraba ta ga 'yan'uwa da manyan yaransa, kowa da sojansa da harajinsa, ɗansa ya gaje shi, nasu dai su zo gaisuwa su kawo gudummawar yaƙi. Da aka kashe sarki You a 771 fada ta koma Luoyang, shi ke nan fa, sarauta ta zama suna.

Zhuang, mai riƙe da Zheng ɗin nan a ƙarƙashin sarkin Zhou, shi ya fi ba ni mamaki wallahi. Sarki Huan ya tuɓe shi daga muƙaminsa na fada, shi kuma ya daina zuwa gaisuwa, sarki ya ɗauko runduna a 707 zai hukunta shi, aka gwabza a Xuge, aka fatattaki sarki har wani jarumin Zhuang mai suna Zhu Dan ya sa masa kibiya a kafaɗa. Da Zhu Dan ya ce a bi shi, Zhuang ya hana, da dare ma ya tura wazirinsa ya je ya duba jikin sarki! Kai jama'a, ka harbi mutum kuma ka aika a yi masa sannu. Nan take Buharin Haɗeja da Sakkwato suka faɗo min a rai.

Haka aka ci gaba, ana rusuna wa sarki ana yin abin da aka ga dama, sai 256 masarautar Qin ta kawar da gidan Zhou, a 221 kuma ta soke gadon ƙasa ta naɗa gwamnoni.

A hanyar dawowa ne waya ta shigo daga gida, muryar Hajiya ba daidai ba. Sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.