Laraba, a gonar yazawar Kawu

Tun da hantsi muka shiga kwashe rassan da suka zube. Wasu ba iska kaɗai ta karya su ba. An gwaguye ɓawonsu a zagaye har cikin tsokar itacen, iska ƙarasawa kawai ta yi. Kawu ya ce aikin baƙin ƙwaron nan ne mai ratsi uku ruwan lemo a gadon baya, mai dogayen ƙaho. Masana suna ce masa Analeptes trifasciata. Yana kewaye reshe da cizo har ya bushe, macen ta zuba ƙwai a ciki. Ko itacen kuka bai ƙyale ba.

Da na faskara wani tsohon reshe, sai ga tsutsa fara, ƙosasshiya, kwance cikin raminta. Ƙanena ya ce gwazarma ce.

“Kai yaro, ina ka taɓa ganin gwazarma cikin itace mai tauri haka?” in ji Kawu.

Da gaskiyarsa. Gwazarma a juji take, kullum a lanƙwashe, ga ƙafafu shida a fili. Wannan kuwa miƙe take, ba ƙafa ko ɗaya, jikinta gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da ɗan tudu sama da ƙasa, da su take dafa bangon rami tana matsawa. Wajen wuya ta fi kauri, kan ya nutse ciki, baƙaƙen muƙamuƙanta kaɗai ke leƙowa. Na sa mata tsinke, ta cafke shi ƙam. Ramin a bayanta cunkushe yake da tarkacen itace mai kaushi, ba gari mai laushi irin wanda ƙananan ƙwari ke zubowa daga tsohon katako ba.

Akwai wata mai kama da ita, amma wuyan waccan shimfiɗaɗɗe ne, faffaɗa, sauran jikin siriri. Dangin daban ne.

Duk waɗannan alamu dangin tsutsar kawai suka nuna, ba ainihin ƙwaron ba. Tsutsotsin masu dogon ƙaho kusan kamarsu ɗaya, a ganina yankan reshen ya fi tsutsar ba da shaida. Shi ya sa na roƙi guntu ɗaya, na sa a bokiti na rufe da tsohon gidan sauro, in jira abin da zai fito.

Kawu bai so ba. “Ɗana, maƙiyi za ka yi kiwo?” Sauran rassan ya sa muka tara muka cinna musu wuta kafin Magariba, don kada su ƙyanƙyashe masa a gona.