Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Shekarar da Muka Ɗora Shaihu Umar a Dandamali

A makon jiya na tsaya a inda aka damƙa mini ragamar ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantar da nake koyarwa. Ina cikin laluben abin da za mu nuna a bikin ƙarshen shekara, sai na ci karo da wani siririn littafi a ɗakin karatu, wanda ƙura ta rufe shi, ga alama ba a taɓa aron sa ba. Wasan Shaihu Umar ne, wanda Umaru Ladan da Dexter Lyndersay, mutumin Tirinidad, suka tsara, kamfanin Longman ya buga da Turanci a 1975.

Duk ɗalibin Hausa ya san asalin labarin, domin Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya rubuta shi don gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933. Mutane da dama kuma sun ji labarin fim ɗin da Adamu Halilu ya yi a 1976, inda Umaru Ladan da kansa ya fito a matsayin Shaihu. Amma wasan dandamalin, wanda ya zo tsakanin littafi da fim, kusan an manta da shi, kuma har yau abin yana yi mini ciwo.

Aikinmu na farko shi ne mayar da maganganun cikin Hausa, tun da iyayen yara ne za su kalla. Mun kwashe makonni ina zaune da littattafan biyu a gabana, ina tsinto wa kowane ɗan wasa irin kalmomin da suka dace da bakinsa.

Babbar matsalar ita ce hamada. Labarin ya taso daga Kagara, ya ratsa Kano, ya ƙetare Sahara, mu kuwa dandamalinmu tebura ne da aka jera aka ɗaɗɗaure ƙafafunsu da igiya. Daga ƙarshe muka shimfiɗa buzu a gefe guda, Shaihu ya zauna da almajiransa a Rauta yana ba su tarihinsa, abin da yake faɗa kuma yana gudana a ɗaya gefen. Ayarin bayi yara goma ne riƙe da igiya ɗaya, suna kewaya dandamalin sannu a hankali, ba kiɗa, ba waƙa.

Yarinyar da ta fito a matsayin mahaifiyar Umar ta fi kowa ba ni wahala, domin kunya ta hana ta ɗaga murya. Ana saura kwana uku ta same ni ta ce, "Malam, a bar ni in yi maganar a durƙushe, ba zan iya ta a tsaye ba." Na amince. A daren wasan, da ta durƙusa tana tambayar fatake ko sun ga ɗanta, muryarta ba ta wuce ta kullum ba, amma zauren ya yi tsit har na layin baya suna jin ta. Wata dattijuwa a layin gaba ta ja mayafi ta rufe fuskarta, ba ta buɗe ba sai da aka sauke labule.

Sau biyu kacal muka nuna shi. A mako mai zuwa zan kawo yadda aka gayyace mu wata makaranta, da abin da ya hana mu tafiya.