Yau na raba babbar tukunyar fen ɗina

Talata, Agege.

Hazo ya sauko mana tun daren jiya, ɗan hunturun nan na Legas da ke leƙowa tsakanin Disamba da Janairu, ina idar da sallar asuba na fita baranda duba tukwanen fen ɗina, shukar nan mai dogayen ganye kamar gashin jimina da masu fulawa na bakin titi ke ratayewa. Bakin ganyen babbar duk ya fara ƙonewa. Na tura yatsa cikin ƙasar na ji da damshinta, to ba ƙishirwa ba ce kenan, iskar ce ta bushe, ita kuwa fen ba abin da ta tsana irin busasshiyar iska da rana mai dukan kai tsaye. Sai na tattara su wuri ɗaya a lungun da rana ba ta kaiwa, na zuba tsakuwa a tire na sa ruwa na ɗora tukwanen a kai yadda gindinsu bai taɓa ruwan ba. Ta falo ma na janye ta daga saitin fanka.

Wajen sha ɗaya Hajiya ta ƙasanmu ta hawo karɓar rariya, ta ɗaga ganye ɗaya ta leƙa ƙarƙashinsa sai ta ce "Innalillahi, ƴar nan ƙwari sun cinye miki shuka, bari in aiko yaro da fiya-fiya." Na ce a'a Hajiya don Allah ki rufa min asiri, lafiyarta ƙalau! Ɗige-ɗigen nan masu ruwan ƙasa da suka jeru reras a bayan ganyen ai ta nan take haihuwa, ita ba ta fure ba ta ƴaƴa sam, wani gari ne mai laushi ke fita daga ɗigon, iska ta kwashe shi, in ya faɗa wuri mai damshi da inuwa ya tsiro. Shi ya sa a garin nan za ki gan ta ta fito da kanta a jikin bishiyar kwakwar manja ko tsagar katangar da ruwa ke bi, ba wanda ya shuka. Ƙwarin gaske ba sa jeruwa haka, barbaje suke har kan kara, kuma za ki ji ganyen na danƙo. Hajiya ta yi shiru tana juya ganyen, ta ce ikon Allah, shekarunta nawa a Ikko tana sa a cire mata ita a bayan gida a matsayin ciyawa. Wallahi abin ya taɓa ni, mu da muka taso a Katsina ina muka ga irin wannan kore haka a banza, shukar da masana suka ce jinsinta ya haura shekara miliyan 300 a duniya, tun kafin a sami masu fure.

Bayan la'asar na zauna aikin da nake ta ɗagawa. Saiwar babbar ta cika tukunya har tana leƙowa ta ramin ƙasa, ruwa ma wucewa kawai yake. Na jiƙa ta sosai, na kife na zare ta, na sa wuƙa mai kaifi na tsaga gida uku, kowane da saiwarsa da ƴan sabbin ganyen nan da ke fitowa a nannaɗe. Ƙasar kuma na haɗa baƙar ƙasa da ɓawon kwakwa da na daddatsa na wanke da ɗan garin gawayi, don tana son damshi amma in ruwa ya kwanta saiwar ruɓewa take. Taki ban sa ba, sai ta kama tukun.

Ɗaya na sauke wa Hajiya na ce ta ajiye ta ƙarƙashin bene, kar ta bari yara su kai ta rana. Ɗaya ta koma baranda, ta ukun tana jiran ruwan Afrilu in dasa ta a ƙasa gefen katanga, amma sai na fara maganin dodon koɗin da ke wajen, don su sabon ganye suke bi da dare.