Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Akuya Ma Tana Hawan Dutse

Da maganar aurena da Uwargida na yi niyyar kawowa wannan makon. Sai autana ya dawo daga sansanin masu yi wa ƙasa hidima, ya zauna a tsakar gida yana ba yara labarin yadda 'yan Man O' War, masu ba da horon juriya, suka sa su rarrafe a ƙarƙashin waya da tsallake katanga. Ya ce yana so ya je Shere ya yi kwas ɗin gaba ɗaya, ya tambaye ni ko abin ya cancanci kuɗinsa. Ban ba shi amsa a daren ba, don muryar Baffa ce ta cika min kunne.

Zamanin Babangida ne, an shigo da SAP, shirin gwamnati na tsuke bakin aljihu, a 1986, komai ya yi tsada. Hedimastan makarantar da nake aiki ya sa sunana cikin masu zuwa makarantar horo ta kan dutse da ke Shere, a gefen Jos. An biya kuɗin kwas, amma kuɗin mota da takalmin kambas da bargo a wuyana suke. Na je wurin Baffa, tunda tun rasuwar Baba shi ke riƙe da gonarmu, shi ke sayar da abin da aka noma. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi buƙatata. Ya bar ni a durƙushe har ya gama cin goronsa, sannan ya ce, "Kai yaro, ga Kufena nan a bayan gari, wa ya hana ka hawa? Akuya ma tana hawan dutse, ba a taɓa ba ta takarda ba." Mutanen zaure suka yi dariya. Kuɗin ubana nake roƙo, fa.

Inna ce ta karɓi kwasar adashinta kafin lokaci. Ba ta kama sunana, ni ne ɗan fari, sai ta ba da ƙullin ta ce a kai wa "mai tafiyar nan". Na hau mota daga Zariya, muka bi ta Pambeguwa da Saminaka.

Sanyin Zariya wasan yara ne a kan na Jos. Tun kafin asuba ake busa usur, a yi gudu, a watsa ruwan da ke yanka jiki kamar reza. Wannan duk bai dame ni ba. Wanda ya tashi da fartanya a hannu ba a koya masa wahala, kuma a nan Baffa yana da gaskiya, ko da yake ban taɓa faɗa masa ba. Har raina abokan rukunina nake yi, musamman wani ma'aikacin banki mutumin Kalaba, mai tumbi, wanda kullum shi ne na ƙarshe a gudu.

Ranar igiya aka san maza. An hau da mu kan wani falalen dutse, a ɗaura maka igiya a ƙugu, ka juya wa rami baya, ka jingina da iska ka sauka. Mai tumbin nan ya sauka yana waƙar cocinsu. Da aka zo kaina gwiwoyina suka ƙi. Ni da na hau giginya, na hau Kufena ba sau ɗaya ba. Can da hannuna nake riƙe da raina, nan kuwa an ce in damƙa shi ga igiya da mutumin da ban san sunan ubansa ba. Na karanta duk addu'ar da Malam ya koya mana a makarantar allo. Daga ƙasa na ji ana "Malam! Malam!", mutumin Kalaba ne, yana ɗaga min hannu. Ban san minti nawa na yi a bakin dutsen nan ba. Da ƙafata ta taɓa ƙasa shi ya rungume ni, bai kuma sake tayar da zancen ba har muka rabu. Akuya ba ta juya wa rami baya, Baffa.

Bayan shekaru, ranar da za a yi wa Uwargida tiyata aka miƙo min takarda in sa hannu, bakin dutsen nan na tuna. Amma wannan sai mun kai wurin.

Akwai abin da na ɓoye wa mutanen gida. An ba mu taswira da kamfas aka sake mu a daji, mu kwana mu dawo. Duwatsun Shere sun haura mita 1,800, kuma da yamma kowanne kama da ɗan'uwansa yake. Na ce a ajiye kamfas, ni ɗan ƙauye ne, rana ta ishe ni. Na ɓatar da mutum goma har magariba. Wani yaron Fulani da bai wuce shekara 12 ba, yana kora shanunsa, shi ya nuna mana hanya da sanda. Da Baffa ya ji wannan, da har ya mutu ba zan huta ba.

Da na dawo na kai masa takardar, don ya gani. Na ce masa makarantar tsohuwa ce, wani Bature Alec Dickson ya kafa ta a 1951 a bakin teku a Kamaru, wurin da ake kira Man O' War Bay, daga baya aka dawo da ita Filato. Ya juya takardar sama da ƙasa, ya ce, "Ai dama sai Bature. To, an ƙara maka albashi?" Ba a ƙara ba. Takardar ma gara ta cinye ta a akwati tun kafin a haifi auta.

Washegarin daren da auta ya tambaye ni, na kira shi na ce ya je, amma kada ya je don takarda, kuma kada ya yi wa na ƙarshe a gudu dariya. Na ƙirga masa kuɗin mota da na bargo tun bai tambaya ba, yana tsaye, ban bari ya durƙusa ba. Gonar nan dai har yau 'ya'yan Baffa ke noma ta, Allah ya jiƙansa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, maganar aure.