Jaka 120 da kafin alƙalamin da na hana a karɓa

Makon jiya na miƙa makullin biro, bayan shekara bakwai a Maraɗi ina koya wa ɗaliban sashen zane da ƙira yadda za su ci abinci da abin hannunsu. Ina cikin kwashe takardu sai na ci karo da wata jakar fata a ƙasan durowa, zif ɗinta ya yi tsatsa. Ita kaɗai ta rage a hannuna cikin 120 da ajin 2019 suka ɗinka.

Su takwas ne a rukunin, kuma ban taɓa samun masu hannu kamarsu ba. Tunaninsu ya tsaya a kan jar akuyar Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna har Turai saboda laushi da ƙwari, ana yin safar hannu da takalma masu tsada da ita, mu kuwa mu sayar da fatar da arha wasu su ci ribar. Suka yi makonni suna zama wurin majema da dukawa, suka fito da jaka mai ɗaukar kwamfutar hannu, da adon dukanci siriri a bakinta. Wani ɗan kasuwa daga Katsina ya ga hoton a WhatsApp, ya biyo ta Jibiya da Ɗan Isa ya zo da kansa. Ya ce a yi masa 120, zai biya da naira ranar da kaya suka isa hannunsa.

Da ya fita, wata ɗaliba 'yar Tibiri ta ce, "Mushe, mu ce ya ba da kafin alƙalami, ko da rabi ne." Na ce a'a. Na ce mai saye na farko ba a tsorata shi, in muka matsa zai koma Kano inda dukawa suka fi yawa. Na faɗa da ƙarfin gwiwar wanda ya karanta littattafai, ita kuma ta yi shiru saboda ni ne malami. Wannan shirun nata har yau yana damuna fiye da asarar.

Suka haɗa jari. Wani ya sayar da wayarsa, 'yar Tibirin kuma ta karɓo kwasar adashin mahaifiyarta, jika 150. Ana gab da gama ɗinki, a watan Agusta na 2019, Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a kuma buɗe ba sai Disamba 2020. Mutumin ya ce a jira mako biyu, ya ƙara biyu, daga nan waya ta daina shiga. Ba na cewa macuci ne. Ko dala bai ajiye ba, ba takarda, ba shaida, to me zai ɗaure shi? Damina ce kuma, ɗakin da muka jibge kayan yana yoyo, fata ta fara fumfuna. Haka muka riƙa sayar da su ɗaya-ɗaya ƙasa da kuɗin da aka kashe.

Wata safiya mahaifiyar yarinyar ta zo. Mai man gyaɗa ce da ƙuli-ƙuli. Ta ƙi kujera, ta zauna a bakin ƙofa, muka gaisa har da tambayar iyali, sannan ta ce, "Malam, ban zo faɗa ba. Ni ban yi lakwal ba, amma ko masu biki suka ce in yi musu ƙuli, sai sun ba ni kuɗin gyaɗa nake ɗora kasko." Na ce, "Gaskiyarki, Inna. 'Yarki ta faɗa mini, ni ne ban ji ba." Ta gyara mayafi ta ce Allah ya mayar da alheri.

Ranar na shiga wurin darakta. Shi ne a watan Yuni ya kawo baƙi suka ɗauki hoto da jakunkunan, yana cewa ga abin da makarantarsa ke fitarwa. Da na roƙi a rage wa yaran asara ko da kashi ɗaya cikin huɗu, sai ya ce ba da sunan makaranta aka yi cinikin ba, kuma wa ya ce in mayar da aji kasuwa? Laifina na ɗauka, ban musa ba. Amma wanda ya ci ladan kuturu ai shi ma ya kamata ya yi masa aski. Kuɗin adashin ni na biya daga albashina, jika 15 kowane wata har wata goma.

Daga shekarar na canza darasin. Na daina fara shi da zanen akwatuna a allo. Garin da alhazai suka gina arzikinsu tun zamanin cinikin gyaɗa ba ya rasa malaman kasuwa, sai na riƙa gayyato wani dattijo daga babbar kasuwa yana zama da su. Shi ya koya musu raba uwar kuɗi da riba a aljihu biyu, da cewa bashi ana ba wanda aka san ƙofar gidansa. Ni kuma na ƙara da abin da ya sauƙaƙa: a yanka farashi da sefa ko mai saye daga ina yake, a sa ladan hannu cikin lissafi domin masu zane sun fi kowa mantawa da shi, a nemi takardar NIF, wato lambar rajistar haraji, kafin a je neman aikin ma'aikatu. Kuma duk ɗalibin da ya yi mini gardama a kan kuɗi, sai na tsayar da darasi mun ji ta bakinsa har ƙarshe.

'Yar Tibirin yanzu tana da shago a unguwar Zariya da yara uku a ƙarƙashinta, ba ta yanka fata sai an ajiye rabi. Biyu daga cikin takwas ɗin sun bar sana'ar gaba ɗaya bayan asarar, ɗaya yana kabu-kabu, kuma shi ya fi su duka iya zane. Hoton watan Yunin nan yana nan rataye a barandar darakta, na wuce ta gabansa da jakar a hammata ranar da zan tafi.