Lamba 42 da kakar Dodgers ta 1947

Wani abokin aikina ɗan Amurka ya zaunar da ni kallon wasan besbol, wasan da har yau ban gama gane kansa ba. Sai na ga duk 'yan wasan, na kowane ɓangare, sanye da lamba 42. Na ce masa, ko telansu ne ya yi kuskure? Ya yi dariya, ya ce kowace 15 ga Afrilu haka ake yi.

A ranar ce a 1947 Jackie Robinson ya shiga filin Ebbets da rigar kulob ɗin Brooklyn Dodgers mai lamba 42, baƙar fata na farko a babbar gasar besbol ta Amurka tun ƙarni na 19. Branch Rickey, shugaban kulob ɗin, ya ɗauke shi bisa sharaɗin kada ya rama zagi. Kuma an zage shi, ba kaɗan ba. Kocin kulob ɗin Philadelphia, Ben Chapman, ya yi ta jifansa da baƙaƙen maganganu daga benci. Wasu abokan wasansa ma sun so a hana shi bugawa. Ga kocin Dodgers Leo Durocher an dakatar da shi shekara guda tun kafin a fara.

Duk da haka suka ci wasa 94, suka ɗauki kambun National League, ɗaya daga cikin rukunoni biyu na babbar gasar, Robinson ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa. Ni abin da ya tsaya mini a rai haƙurin nan ne, wata shida cur kana haɗiye fushi a gaban dubban mutane. Wallahi da ni ne, da tuni an kore ni.

A World Series kuwa, wato jerin wasannin ƙarshe tsakanin zakarun rukunonin biyu, kulob ɗin New York Yankees suka doke su a wasa na bakwai.